Minti ashirin bayan ya fito daga ruwa: nazarin wata ninƙayar safiya a ƙarshen kaka

Mutumin da wannan nazari ya shafa bai nutse ba, kuma a idon waɗanda ke tsaye a bakin tafkin ko alamar damuwa bai nuna ba. Da ƙafarsa ya fito yana dariya, har ya tsaya ɗaukar hoto. Sai bayan kimanin minti ashirin aka gan shi zaune cikin mota yana kokawa da makulli, magana ta ƙi fita daidai, jikinsa na karkarwa har haƙora na haɗuwa. Na harhaɗa lamarin ne daga irin abin da ke maimaituwa duk shekara a wuraren ninƙaya na Birtaniya idan Nuwamba ta zo ƙarshe, shi ya sa babu sunan mutum ko na tafki a ciki. Bayanan yadda jiki ke amsa sanyi kuwa na masu bincike ne da aka sani.

Mutumin da tafkinsa

Namiji ne ɗan shekara arba'in da 'yan kai, siriri, mai yawan gudun motsa jiki, ba a san shi da wata cuta ba. Ya iya ruwa tun yana yaro, amma duk iyonsa a wurin ninƙaya na cikin gini ne, inda ake ajiye ruwa wajen digiri 28 a ma'aunin Salshiyas. A watan Yuni ya shiga wata 'yar ƙungiya da ke haɗuwa kowace Asabar da sassafe a wani tafki a arewacin Ingila. Ruwan a lokacin yana tsakanin digiri 17 da 19. Hanyarsa ɗaya ce: daga gaɓa zuwa wata alama mai yawo a kan ruwa, ya kewaye ta ya dawo, sau biyu, rabin sa'a ke nan.

Sirantakarsa ba ƙaramin abu ba ce a wannan lissafi. Kitsen ƙarƙashin fata shi ne babban shingen da ke tsakanin cikin jiki da ruwa. A watan Maris na 1984 jirgin wasu masunta ya kife a kusa da tsibirin Heimaey na ƙasar Aislan, ɗaya daga cikinsu, Gudlaugur Fridthorsson, ya yi iyo na wajen sa'a 6 a ruwa mai digiri 5 zuwa 6 har ya kai gaɓa da ransa. Da aka gwada shi daga baya a Landan, kaurin kitsen jikinsa aka fi danganta abin da shi. Ɗan tsere mai tsoka zalla ba shi da wannan gata, duk ƙarfin huhunsa.

Daga Satumba zafin ruwan ya fara sauka. Ruwa ba ya bin iska da gaggawa: tekun da ke kewaye da Birtaniya ya fi ɗumi a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, ya fi sanyi a Fabrairu zuwa Maris. Tafki ya fi teku saurin hucewa, kuma yana da wata ɗabi'a tasa. Da bazara ruwa mai ɗumi yana kwanciya a sama, mai sanyi a ƙasa, mai iyo kuma a cikin na saman yake. Idan kaka ta yi nisa sai na saman ya huce, ya yi nauyi, ya nutse, iska ta gauraya tafkin gaba ɗaya. Ɗumin da aka saba da shi ya tafi ke nan sai baɗi.

Shi kuwa bai ji wani babban bambanci ba, kuma a nan tushen matsalar yake. Farfesa Mike Tipton na Jami'ar Portsmouth da abokan aikinsa sun nuna cewa shiga ruwan sanyi na 'yan mintuna, sau biyar ko shida kawai, yana rage firgitar da jiki ke yi idan sanyi ya taɓa shi kwatsam da kusan rabi, kuma wannan sabo yana daɗewa watanni. Abu ne mai kyau, yana ceton rai. Amma sabo jin zafin sanyin yake ragewa, ba ya rage yawan ɗumin da ruwa ke zuƙewa daga jiki. Ruwa yana ɗaukar zafi fiye da iska kusan ninki 25. Wanda ya saba yana iya yin sanyi a ciki alhali yana jin daɗinsa a waje. Mutuminmu ya ɗan rage lokaci a Oktoba, ya koma kewaye ɗaya da rabi, amma a ransa har yanzu shi mai rabin sa'a ne.

Safiyar

Asabar ce ta ƙarshe a Nuwamba. Sama ta kwana garau babu gajimare, ƙasa ta saki duk ɗuminta cikin dare, raɓa ta daskare a kan ciyawa. A irin wannan rana daf da fitowar rana iska ta fi sanyi, wato daidai lokacin da masu son ganin hudowarta suke tuɓe kaya. Iska tana digiri 1. Wata mata a cikinsu, wadda ta girme su kuma ta daɗe tana iyon hunturu, ta zura ma'aunin zafi a ruwa ta ce digiri 8. Saman tafkin yana tururi. Wannan tururi yana yaudarar ido, mutum ya ga kamar ruwan da ɗumi, alhali abin da yake nunawa kawai shi ne iskar ta fi ruwan sanyi.

Su shida ne. Uku sun sa rigar roba ta masu iyo, shi da sauran biyu gajeren wando ne da hular roba. Kowa ya ɗaura balan-balan mai launin lemu a ƙugu, wadda ake ja a baya don a hango mutum daga nesa. Wayarsa ta ce rana za ta fito kusan ƙarfe 8. Ƙarfe 7:45 suka shiga.

Shigar tasa babu abin kushewa. Bai yi tsalle ba. Ya taka a hankali har ruwa ya kai ƙugu, ya jiƙa wuya da fuska da hannu, ya durƙusa ruwa ya rufe kafaɗu, ya tsaya a inda ƙafarsa ke taɓa ƙasa yana fitar da numfashi a hankali har ƙirjinsa ya lafa. Wannan minti ɗaya zuwa uku na farko su ne suka fi kashe mutane a ruwan sanyi. Da fata ta ji sanyi kwatsam, mutum yana jan numfashi mai ƙarfi ba da sonsa ba, lita 2 zuwa 3 a zuƙa ɗaya, sannan haki ya biyo baya, zuciya ta ɗau gudu, jini ya hau. Wanda yake iya riƙe numfashi na minti ɗaya a tudu, a nan ba ya kai daƙiƙa 10. Idan zuƙar farko ta same shi kansa na ƙarƙashin ruwa, to ruwa ya zuƙa. Wannan firgita tana kaiwa ƙololuwa a ruwa mai digiri 10 zuwa 15, ba sai mai ƙanƙara ba. Shi ya sa RNLI, ƙungiyar ceton mutane a teku ta Birtaniya, take koya wa wanda ya faɗa ruwa ba shiri ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa, ya jira numfashi ya dawo kafin ya yi yunƙurin iyo. Akwai kuma haɗarin zuciya: sanyin fata yana umartar ta ta yi sauri, sanyin fuska da riƙe numfashi suna umartar ta ta sassauta, idan umarnin biyu suka haɗu bugunta na iya rikicewa. Tipton da Michael Shattock sun yi bayanin wannan a 2012.

Duk wannan mutuminmu ya san shi, ya kuma tsallake shi lafiya. Kuskurensa shi ne ya ɗauka jarrabawar ta ƙare a nan.

Daga minti na goma zuwa na ashirin da takwas

Biyun da ba su sa riga ba sun fita kafin minti goma. Masu riga suka bi gaɓa. Shi ya nufi alamar, ya kewaye ta, ya kamo hanyar dawowa, sai ya tuna abin da ya kawo shi: yana son rana ta fito yana cikin ruwa. Ƙarfe 8 ta yi, sama ta yi ja, rana babu ita. Lokacin da waya ke bayarwa na fili ne mai shimfiɗe, tafkin kuwa a cikin kwari yake, da tsauni ta kudu maso gabas, inda rana ke ɓullowa a wannan wata. Sai ta hau sama da tsaunin kafin a gan ta. Sai ya tsaya nesa da gaɓa yana taka ruwa, ya ɗan yi gaba ya ɗan dawo, yana jira.

A cikin wannan jira abubuwa biyu suna tafiya. Na farko, hanyoyin jinin fata sun tsuke tun shigarsa don a tsare ɗumi a ƙirji da ciki da kai, an bar hannuwa da ƙafafu suna hucewa. Hannu ya fi saurin sanyi saboda siriri ne, kuma tsokoki da jijiyoyinsa suna kusa da fata. Idan tsoka ta sauka ƙasa da digiri 27 ƙarfinta yana raguwa sosai, saƙon jijiya yana tafiyar hawainiya. Na biyu, motsi da kansa yana ƙara asara ga siririn mutum, domin yana tura jini mai ɗumi cikin gaɓoɓin da ruwa ke wankewa.

A 1999 mujallar Lancet ta buga gwajin da Tipton da Frank Golden da wasu suka yi da mutum 10 da suka iya ruwa. An sa su iyo na minti 90. A ruwa mai digiri 25 dukkansu sun gama, a digiri 18 mutum 8, a digiri 10 mutum 5 kacal. Abin da aka lura da shi kafin mutum ya gaza shi ne bugun hannu yana ƙaruwa amma kowane bugu ba ya kai shi nisa, ƙafafu suna nutsewa, jiki yana miƙewa tsaye a cikin ruwa, yatsu suna warwatsewa su ƙi haɗuwa. Mutum yana gazawa ne tun kafin zafin cikinsa ya faɗi zuwa inda zai suma. Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita wa mutanen da ke faɗawa ruwan ƙanƙara haka: minti ɗaya na daidaita numfashi, minti goma na motsi mai amfani, sa'a ɗaya kafin sanyi ya gusar da hankali. Mutane sun fi riƙe sa'a ɗayan. Minti goman ne ya kamata mai iyo ya riƙe.

Da ya ba da labari daga baya, ya ce wajen minti na ashirin ya daina jin sanyi, ya ji wani natsuwa da daɗi, har ya ga kamar zai iya kwana a wurin. Ya kuma lura ɗan ƙaramin yatsansa ya ware daga sauran ya ƙi komawa, amma bai ba abin muhimmanci ba. Tsofaffin masu iyon hunturu suna ɗaukar waɗannan biyun, jin daɗi da warewar yatsa, a matsayin sallama: wanda ya ji su ya riga ya makara da fita. Matar nan ta ɗaga masa hannu daga gaɓa, ya ɗaga mata, kowannensu ya fassara ɗagawar ɗan'uwansa yadda ya so. Rana ta leƙo, ya kalle ta, ya juyo. Mita ɗari ɗin ƙarshe sun yi masa tsawo fiye da kullum, amma ya iso. Minti 28.

Bayan fita

A nan ne mafi yawan abin ya faru, kuma nan ne sababbi ba sa tsammani. Zafin cikin jiki ba ya daina sauka don an fito daga ruwa. Fata da kitse da tsokokin waje sun yi sanyi ƙwarai, suna ci gaba da jan ɗumi daga ciki, sannan jinin da ya fara komawa hannuwa da ƙafafu yana dawowa zuciya a sanyaye. Sau da yawa mafi ƙasƙancin zafin jiki yana zuwa ne minti goma zuwa arba'in bayan fita. Wani bincike da aka buga a 2000 ya bi mutum 11 da suka yi iyo daga tsibirin Alcatraz zuwa San Faransisko ranar sabuwar shekara, a ruwa mai kusan digiri 12, aka samu wannan ci gaba da sauka a jikin 10 daga cikinsu.

Mai iyo yana da 'yan mintuna kaɗan bayan fita da hannunsa ke ɗan aiki kuma karkarwa ba ta taso ba. A cikinsu ake cire jiƙaƙƙen kaya, a goge jiki, a rufe ƙirji da kai tukuna, a taka wani abu da zai raba ƙafa da ƙasa. Shi ya kashe su a hoto. Ya yafa tawul a kafaɗa, jiƙaƙƙen wando na jikinsa, ƙafa ba takalmi a kan duwatsu masu sanyi, 'yar iska na busar da ruwan fatarsa tana ƙara tafiya da ɗumi. Da ya zo sa kaya, yatsu suka ƙi kama zif. Ya sa riga a bai-bai, ya bar safa ɗaya a ƙasa, ya ce zai ƙarasa shiryawa a mota. Nufinsa ya kunna hita ya kama hanyar gida, tafiyar minti arba'in.

Matar ta bi shi. Ta tarar makullin ya faɗi ƙarƙashin sitiyari yana lalube.

"Ba ni makullin nan tukuna," in ji ta.

"Lafiyata ƙalau, sanyi ne kawai."

Ta ce ya haɗa babban yatsa da ƙaramin, ya kasa. Ta tambaye shi lambar gidansa, ya yi shiru yana tunani, sannan ya faɗa da harshe mai nauyi. Ta sa makullin a aljihunta ta kira sauran. A ganina wannan shi ne mataki mafi muhimmanci da aka ɗauka a ranar, domin sanyi yana taɓa hankali kafin mai shi ya sani, kuma mutumin da ba ya iya rufe zif ba shi da abin yi da sitiyari.

Suka cire masa jiƙaƙƙen wandon da har lokacin yake ƙarƙashin na waje, suka sa masa hula da riguna a jere, suka naɗe shi da bargo, suka kwantar da kujerar motar. Wani ya fara murza masa hannu, matar ta hana, domin murza gaɓoɓi yana tura jinin sanyi cikin jiki. Da suka ga yana iya haɗiya ba tare da shaƙewa ba, suka ba shi abin sha mai ɗumi da sukari daga filas, wani na riƙe masa kofin. Karkarwa aiki ce: tana iya ninka ɗumin da jiki ke samarwa har kusan sau biyar, kuma sukari take ci. Ba a son a hana ta. Abin tsoro shi ne ta tsaya alhali mutum yana ƙara ruɗewa. Da ya ce yana jin zuciyarsa na tsalle, suka kira 999, lambar neman agajin gaggawa a Birtaniya.

Ma'aikatan agajin gaggawa ba su dogara da ma'aunin kunne ba, tunda kunnen da ya sha ruwan sanyi yana ba da lamba ta ƙarya. A asibiti aka samu zafin jikinsa ɗan ƙasa da digiri 35, wato ya shiga matakin farko na faɗuwar zafin jiki, wanda ke tsakanin 32 da 35, alhali na lafiyayye 37 ne. Gwajin zuciya bai nuna komai ba. Aka ɗumama shi a hankali, da yamma aka sallame shi. An ja masa kunne a kan wanka da ruwan zafi nan take bayan iyo, domin yana buɗe hanyoyin jinin fata gaba ɗaya, jini ya sauka, mutum ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki. Barasa ma haka take yi.

Abin da aka yi ta gardama a kai

Wasu a ƙungiyar suka ce da ya bi ƙa'idar minti ɗaya ga kowane digiri, da minti 8 zai yi ya fita. Gaskiya ne da ta fisshe shi a ranar. Amma ƙa'idar ba daga wani gwaji ta fito ba, ba ta san siriri da mai ƙiba ba, ba ta san wanda ya kwana bai yi barci ba ko wanda bai karya ba, ba ta kuma lissafa iskar da za a fito a tarar. Amfaninta ɗaya ne, ta sa an yanke lokaci tun ana kan tudu, lokacin da kai ke aiki daidai. Illarta kuma sabon shiga yana mayar da ita abin da dole ya cika.

Wasu suka ce rigar roba ce maganin. Tana rage asarar ɗumi sosai, tana kuma taimaka wa mutum ya yi yawo a saman ruwa. Hukumar wasannin ruwa ta duniya ba ta yarda a yi gasar iyo a fili ba idan ruwa ya gaza digiri 16, wato ninki biyu na abin da ma'aunin matar ya nuna. Sai wani ya kawo misalin masu iyon mil guda a ruwan da bai wuce digiri 5 ba da wando da hula kawai, a ƙarƙashin ƙungiyar da Ram Barkai na Afirka ta Kudu ya kafa a 2009. Amma waɗannan sai an yi musu gwajin zuciya, da masu sa ido a kansu, da shirin ɗumama su idan sun fito. Babu wanda yake barinsu su tuƙa mota bayan minti ashirin.

Ni inda na fi ganin giɓi shi ne babu wanda aka ɗora wa alhakin agogo. Mutum shida, kowa na ganin kowa, kuma kowa na zaton ɗayan ya san abin da yake yi. Balan-balan ɗin ta sa an hango shi, ba ta gaya wa kowa halin da hannunsa ke ciki ba. Shi ma dalilin da ya sa ya daɗe ba shi da alaƙa da lafiya ko horo, ya ɗaura fitarsa ne a kan rana, abin da ba ya hannunsa. Mutane da yawa suna shiga wannan harka don abin da suke ji tana yi wa zuciya da tunani, kuma a 2018 mujallar BMJ Case Reports ta buga labarin wata mata 'yar shekara 24 mai ciwon damuwa da ta samu sauƙi har ta bar magani bayan ta riƙa iyo a ruwan sanyi mako-mako. Mutum ɗaya ce, ba hujja ce ga kowa ba. Kuma ko da an yarda da amfanin, gwaje-gwajen sabo da sanyi da 'yan mintuna aka yi su, ban ga abin da minti na 28 zai ƙara wa mutum wanda na uku bai ba shi ba.

Bayan haka ƙungiyar ta tsayar da mutum ɗaya a gaɓa kowace Asabar, da agogo da usur, kowa ya faɗa masa mintunansa kafin ya shiga. An daina zuwa wurin alamar har sai Mayu, ana bin gefen gaɓa inda ƙafa za ta iya taɓa ƙasa. Ana jera kaya bisa tsarin da za a sa su, kuma babu mai taɓa mota sai karkarwa ta zo ta wuce. Mutumin ya dawo bayan mako biyu, ruwa na digiri 6, ya yi minti biyar. Batun lokacin shiga ne ba a daidaita ba: matar tana so a koma ƙarfe 9 idan iska ta ɗan sassauta, masu aikin Asabar da masu son hudowar rana sun ƙi, zafin ruwan kuma zai ci gaba da sauka har Fabrairu.